Maiƙo a jijiyar wuya: ƙwaya, yanka ko sitent? Abin da jinyar Kawuna ta koya min

Ranar da abin ya faru muna zaune ne wajen mai shayi da sassafe, irin sanyin Jos ɗin nan na Disamba da in ka yi magana hayaƙi ke fita a bakinka, kawai sai kofi ya suɓuce daga hannun Kawu na dama ya faɗi ƙasa, ya buɗe baki zai ce wani abu maganar ta ƙi fita daidai kamar wanda ya cika baki da tuwo. Minti goma bai cika ba ya dawo garau, har yana mana faɗa wai sanyi ne ya riƙe masa hannu mu kuma yaran yanzu mun cika tsoro. Sai da muka matsa masa ya amsa cewa kwana goma kafin nan ma idonsa na hagu ya taɓa rufewa kamar an saki labule, na ɗan minti biyu, bai gaya wa kowa ba har matarsa.

Kawu shekararsa 63, kabeji da dankalin turawa yake sarowa a Farin Gada yana lodi zuwa kudu, kuma siriri ne kamar sanda, shi ya sa da likita yace masa Baba kolestarol ɗinku, wato maiƙon jini, ya yi yawa kuma jijiyar wuyanku ta hagu ta tsuke kashi 75 cikin ɗari, dariya ya yi yace likita dube ni fa, ina kitsen yake. Toh daga nan ne muka shiga makaranta, ni na zama mai rakiya mai tambaya mai rubutawa, kuma abin da na rubuta ɗin ne zan zube anan saboda na lura kusan duk wanda aka ce masa jijiyar wuya ta tsuke tambaya ɗaya yake yi, magani zan sha ko aiki za a min, alhali ba haka zaɓin yake ba.

Bari in fara da ita jijiyar. Guda biyu ne manya, ɗaya a kowane gefen wuya, ita ce kake jin bugunta in ka ɗora yatsa gefen maƙogwaro, likitoci na ce mata karotid. Ƙasa da muƙamuƙi kaɗan take rabuwa biyu, ɗaya ta tafi fuska ɗaya ta shige ƙwaƙwalwa da ido, kuma a daidai wannan mararrabar maiƙon ya fi taruwa. Mu da farko mun ɗauka kamar kwata ce da man miya ya daskare a ciki a zuba ruwan zafi ya wuce, ashe maiƙon cikin bangon jijiyar yake shiga ya kumburo da shi, kamar yadda damshi ke shiga bayan filasta. Babban haɗarin kuma ba wai jini ya kasa wucewa bane kawai, filastar ce ke tsagewa, jini ya daskare a wurin, ɓarɓashi ya ɓalle ya haura sama ya toshe ƙaramar jijiya a ƙwaƙwalwa. In ya narke da wuri mutum ya dawo daidai irin na Kawu, in bai narke ba shi ne shanyewar ɓarin jiki. Jijiyar hagu tana taɓa idon hagu amma hannu da ƙafar dama, da magana a yawancin mutane, shi ya sa labarin Kawu ya zauna daram da hoton sikanin ɗinsa.

Zancen siranta kuwa, yawancin kolestarol ɗin da ke jini hanta ce ke haɗa shi da kanta, abinci ƙari yake yi, don haka akwai gado a ciki sosai. Akwai ma wani nau'in na gado zalla da yake samun kusan mutum 1 cikin 250, su tun suna samari nasu yake sama ko da zogale kaɗai suke ci.

In ka karɓo rizot daga lab zaka ga layi huɗu ko biyar, wanda ya fi shafarka a wannan matsalar shi ne LDL, wato kolestarol ɗin da ake cewa marar kyau. HDL shi ne wanda ake cewa mai kyau, amma kar yawansa ya ruɗe ka ka ce ya biya bashin LDL. Sannan ka duba ma'aunin da suka yi amfani da shi don lab ɗin Jos ma ba iri ɗaya suke rubutawa ba, wasu mmol/L wasu mg/dL, ka ninka na farkon da 39 zai baka kusan na biyun. Na Kawu 4.4 ne wato wajen 170. Wani abin da ya kusa kayar da mu, lambar da lab ke bugawa a gefe ta "daidai" ta mai lafiya ce wanda ba a ga komai a jijiyarsa ba. Wanda aka riga aka ga maiƙo ya tsuke masa jijiya har ya nuna alama, ƙa'idar likitocin Amurka ta 2021 tace LDL ɗinsa ya sauka ƙasa da 70, wato 1.8, ta Turai ta 2019 ma cewa ta yi ƙasa da 55, wato 1.4.

Toh yanzu hanyoyin. Uku likita ya lissafa mana, ƙwayoyi da gyaran rayuwa, tiyatar buɗe wuya a kankare maiƙon, sai sa sitent wato ɗan bututun raga na ƙarfe da ake turawa ta cikin jijiya ya buɗe wurin. Amma ta farkon ba a zaɓarta a bar sauran ko a zaɓi sauran a barta, ita ce tabarmar da kowa zai zauna a kai. Ko an yanka ka ko an sa maka sitent ƙwayar nan zaka ci gaba da sha, don aikin santimita kaɗan na jijiya ɗaya yake gyarawa, ciwon kuwa yana ko'ina, a ɗaya wuyan, a jijiyoyin zuciya, a na cikin ƙwaƙwalwa. Abin da ake zaɓa kawai shi ne a ƙara aiki a kan ƙwaya ko kar a ƙara, in za a ƙara wanne.

Ƙwayar farko sitatin ce, atorvastatin 40 zuwa 80 ko rosuvastatin 20 zuwa 40 su ne masu ƙarfin da ke raba LDL kusan biyu. Yi lissafi da na Kawu, 4.4 a raba biyu 2.2, bai kai 1.8 ba, shi ya sa bayan an sake gwaji aka ƙara masa ezetimibe 10 wanda ke ƙara rage wajen kashi 20, sai ga shi ya shigo layi. Yanzu kwatanta da gyaran abinci kaɗai, wanda in mutum ya dage da gaske yawanci kashi 10 zuwa 15 yake saukewa, wato 4.4 ya dawo 3.8, kaga ko hanyar ba a kama ba. Ba raina abinci nake ba, zan zo kansa, amma duk wanda yace maka da barin tsire kaɗai zaka sauko da irin wannan lambar bai yi lissafi ba. An tattara gwaje-gwaje masu yawa an ga duk 1 mmol da LDL ya sauka haɗarin bugun zuciya da shanyewar jiki na raguwa da kusan kashi ɗaya cikin biyar, akwai kuma gwajin da aka yi a Faransa da Koriya ta Kudu aka fitar a 2020 kan waɗanda suka riga suka samu shanyewar jiki ko ƙaramarta irin ta Kawu, waɗanda aka saukar da nasu ƙasa da 70 sun fi waɗanda aka bari tsakanin 90 da 110 tsira. Sitatin baya share maiƙon ya koma sifili, sikanin na baɗi zai iya nuna kusan lambar bana, aikinsa shi ne ya ƙarfafa filastar ta daina tsagewa, mutane da yawa anan suke karaya su ce magani baya aiki.

Sai asfirin ɗan ƙarami na 75, wanda aka fi sani da Vasoprin a kemis, ko clopidogrel, don hana jini daskarewa a kan wurin. Sai maganin hawan jini, wanda a wajenmu shi ne uban gayya. Binciken SIREN da aka yi a asibitocin Najeriya da Gana, har da Kano da Zariya, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan ke cikin jagororinsa, ya nuna a 2018 cewa hawan jini ne ke bayan kusan kashi 90 na shanyewar jiki a wannan yankin, matsalar maiƙon jini tana biye amma can nesa. Don haka wanda ya dage kan kolestarol ya manta da awon jini ya rufe taga ya bar ƙofa a buɗe. Binciken ya kuma nuna kusan ɗaya cikin uku na shanyewar jikinmu fashewar jijiya ce ba toshewa ba, shi ya sa in mutum ya faɗi kar a ɗura masa asfirin a gida kafin a yi hoton ƙwaƙwalwa, a kwashe shi sai asibiti, allurar narkar da jini ma awa 4 da rabi ne iyakarta.

Laifin sitatin da aka fi kuka da shi ciwon tsoka ne, akwai shi gaskiya amma bai kai yadda ake yayatawa ba, in ya dame ka a canza iri ko a rage ba a watsar ba. Yana ɗan ɗaga suga ga wanda dama ke bakin layi, mai ciki kuma ta sanar da likita tun wuri. Da azumi ba matsala, sau ɗaya ne a rana a sha bayan buɗa baki.

Yanzu tiyata. Ana yanka gefen wuya a buɗe jijiyar a ɓanɓare maiƙon a ɗinke, awa ɗaya zuwa biyu, kwana kaɗan a gado, tsohon aiki ne tun shekarun 1950 ake yinsa. Wa yake amfana, anan ne tambayoyi biyu suke yanke hukunci, shin tsukewar ta nuna alama a 'yan watannin nan, sannan kashi nawa ce. Babban gwajin NASCET na 1991 ya ɗauki masu alama da tsukewar kashi 70 zuwa 99, cikin shekara biyu kashi 26 na waɗanda ke kan ƙwaya kaɗai suka samu shanyewar jiki a wannan ɓangaren, waɗanda aka yi wa tiyata kashi 9. Ratar nan babba ce, har aka tsayar da gwajin tun bai ƙare ba. Masu 50 zuwa 69 amfanin ya ragu, wajen 22 da 16 a shekara biyar, a yi ko kar a yi ya danganta da shekaru da sauran lafiyar mutum. Ƙasa da 50 ba riba sam. In kuma ta toshe ɗari bisa ɗari yawanci ba a taɓa ta, abin ya ban mamaki da na fara ji, amma ba jinin da ke wucewa balle ya ɗauki ɓarɓashi.

Abin da ya hana ni barci shi ne lokaci. Da aka haɗa bayanan manyan gwaje-gwajen aka ga in an yi aikin cikin sati biyu da alama, mutum 5 za a yi wa a ceci ɗaya daga shanyewar jiki, in an wuce sati 12 sai an yi wa wajen 125. Mu kuwa ka san halinmu, sai a tara dangi, sai a jira yaya ya dawo daga Legas, sai a gwada na gargajiya wata ɗaya tukun, sai a sayar da fili, kafin a gama amfanin aikin ya zube saura haɗarinsa kawai.

Don aikin kansa yana iya jawo abin da ake gudu. Ƙa'idar ita ce likitan da zai yi wa mai alama ya zama cikin marasa lafiyarsa 100 ƙasa da 6 ne ke samun shanyewar jiki ko mutuwa sanadin aikin, wa marar alama kuma ƙasa da 3. Ka tambaye shi kai tsaye cikin ladabi, ranka ya daɗe irin wannan aikin guda nawa kuke yi a shekara, nawa suka samu matsala. Likitan kirki baya jin haushin wannan tambayar. In ya fara kame-kame toh da muguwar rawa gara ƙin tashi, ka nemi wani ko ka tsaya kan ƙwaya. Ƙananan matsaloli kuma akwai dushewar murya ko harshe ya ɗan karkace saboda jijiyoyin motsi da ke kusa, yawanci suna warwarewa.

Sitent shi mutane suka fi so da jin labari, ba yanka, ta cinya ko hannu ake shiga da siririn bututu har wuya, washegari ka tafi gida. Kawu da ya ji haka nan take yace wannan nake so. Amma gwajin CREST na 2010 mai mutum wajen 2,500 ya nuna a kwanakin aikin kashi 4.1 na masu sitent sun samu shanyewar jiki, masu tiyata 2.3, bugun zuciya kuma akasin haka, 1.1 ga sitent 2.3 ga tiyata. Bayan an wuce waɗannan kwanakin su biyun kusan kunnen doki ne. Dalilin ba boyayye bane, wucewa da waya ta cikin wurin da ke ɓarɓashi na iya ɓallo wani. Wanda ya haura shekara 70 tiyata ta fi masa don jijiyoyin tsofaffi sun fi murɗewa da tauri. Sitent ya fi dacewa da mai ciwon zuciya ko huhu mai tsanani, ko wanda aka taɓa yi wa aiki ko gashin cutar daji a wuya, ko tsukewar ta yi can sama inda wuƙa bata kaiwa da sauƙi. Kuma bayansa dole asfirin da clopidogrel tare na aƙalla wata ɗaya ba fashi ko na kwana ɗaya, mutumin da ka san yana mantuwa ko in kuɗi ya yanke zai tsallake sati, wallahi sitent haɗari ne gare shi. Kuɗinsa ma ya fi nauyi don kayan daga waje suke zuwa.

Ga inda abin ya bambanta. Akwai wata Hajiya maƙwabciyarmu a Anguwar Rogo, ƙawar mahaifiyata, ita likita ne ya ji ƙara a wuyanta da abin sauraro aka tura ta sikanin aka ce kashi 60, bata taɓa jin komai ba. Da ta ji an yi wa Kawu maganar tiyata hankalinta ya tashi wai ita me ya sa aka sallame ta da ƙwaya, ko don ba a ga kuɗi a jikinta ba. Na ce mata Hajiya ku kwantar da hankalinku, naku barci yake nasa ya farka. Tsoffin gwaje-gwajen marasa alama na 1995 da 2004 sun nuna haɗarin shekara biyar wajen 11 ko 12 cikin ɗari da ƙwaya, 5 ko 6 da tiyata, wato ribar kusan kashi ɗaya a shekara, kuma lokacin ba a shan sitatin mai ƙarfi kamar yanzu. A ƙarshen 2025 aka fitar da CREST-2 kan marasa alama masu tsukewar kashi 70 zuwa sama, a shekara huɗu haɗarin cikin ɗari ga sitent da ƙwaya 2.8, ƙwaya kaɗai 6.0, ɓangaren tiyata 3.7 da 5.3 wanda ratar bata kai a kafa hujja da ita ba. Amma a lura, ƙwararrun da aka tace aka zaɓa ne suka yi waɗannan ayyukan, kuma ko a ƙwaya kaɗai mutum 94 cikin 100 lafiya suka wuce shekara huɗun. Ni a ganina marar alama mai tsukewar kashi 60 irin Hajiya ƙwaya da bibiya, marar alama mai tsukewar kashi 80 kuma mai sauran ƙarfi ya zauna da likitan ƙwaƙwalwa su auna, ba gaggawa irin ta Kawu. Kuma kafin a taɓa wuyan kowa a tabbatar da lambar da hoto na biyu, CT ko MRI na jijiya, don sikanin ya dogara da hannun mai yinsa, wani zai ce 60 wani yace 75 a wuya ɗaya.

Sai hanya ta huɗu wadda likita bai lissafa ba amma dangi suka lissafa, haɗin tafarnuwa da citta da lemun tsami da zuma da ke yawo a WhatsApp wai yana wanke jijiya cikin kwana 40. Ka sa tafarnuwa a miya ba wanda ya hana, amma abin da ke cikin bangon jijiya har ya fara zama kamar alli ba ruwan da zaka sha ya wanke shi, kuma yawan tafarnuwa a kan asfirin da clopidogrel na iya ƙara zubar jini. Wanda ya fi ban tsoro masu cewa a murza wuyan ko a yi ƙaho a wurin, don Allah wuyan da aka ce akwai maiƙo a barshi ya huta.

Abinci kuwa mu 'yan Jos ba mu da uzuri, gwaten acca da ganye, wake, kuɓewa, kabeji da karas da koren wake duk a ƙofar gida suke. Abin ragewa kitsen balangu da tsire, kayan ciki, man shanu a kan tuwo, manja mai yawa don kusan rabinsa irin kitsen da ke ɗaga LDL ne, man gyaɗa ya fi shi sauƙi. Gishiri da magi a sassauta. SIREN ma ta ga masu cin nama kullum da marasa cin ganye sun fi shiga haɗari. Sigari kuwa ba zancen ragewa, bari ne.

Kawu dai tiyata aka yi masa, a wani asibitin da aka tura mu, kwana 16 bayan faɗuwar kofin, mun ɗan wuce sati biyun saboda haɗa kuɗi. Da zai shiga na ce Kawu ku yi haƙuri mun hana ku sitent ɗinku, yace kai dai ka kula min da lodin ranar Laraba. Muryarsa ta dushe kusan wata biyu, yaran kasuwa har suna tsokanarsa, daga baya ta dawo. Matsalar da muka samu ma ba daga aikin ta zo ba, bayan wata shida ya kai rizot ɗinsa wani kemis, yaron shagon ya ga 1.7 yace ai Baba kun warke ku daina ɓata kuɗi, shi kuwa dama neman mai faɗa masa haka yake, ya ajiye atorvastatin da ezetimibe duka bai gaya mana ba. Da aka sake gwaji bayan wata uku lambar ta koma 4.1. Yanzu ƙwayoyin a hannun matarsa suke, a cikin gwangwanin shayi, ita ke miƙa masa bayan isha'i, ni kuma na sa ranar sikanin ɗin wuyan dama a wayata don can ma an ga kashi 40.